Kurar da Ta Ci Kawu

Ban san Kawu yana da masoya haka ba sai da ya mutu. Tun kafin a kawo makara daga masallaci layinsu na unguwar Shango a Minna ya cika, har masu keke suka koma zagayawa ta bayan makaranta. Tsofaffin reluwe 'yan kaɗan da suka rage suka jeru a gindin katanga, in wannan ya yi tari sai wancan ya amsa masa. Matan ƙauyenmu na bayan Beji suka shigo da doya a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar kaya, suka sauke, suka zube a ƙasa suna kuka da yarenmu. Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa Kirista 'yar kudancin Kaduna da muke kira Mama, ita ba ta yi kuka ba. Tsintsiya ta ɗauka ta yi ta shara tana yi wa kowa faɗa, ka san abin ya kai mata inda hawaye ba sa isa.

Waɗannan duk na yarda da su. Waɗanda ban yarda da su ba su ne masu manyan riguna, da suka riƙa zuwa suna cewa an yi rashin dattijon arziki, mutum mai barkwanci. Barkwancin nan shi ya tsaya mini a wuya. Kawu bai taɓa yin barkwanci da abin da suke nufi ba, su suka mayar da shi abin dariya, kuma sun san na sani.

Da aka dawo daga maƙabarta muka tarar an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera fararen kujeru na roba. Na tambayi wanda ya kawo, aka ce kamfani ne. Kamfanin da yake neman gonar gidanmu don ya gina tashar da za a riƙa ƙona kwal ana yin wutar lantarki. Mutumin da ya hana su gonar nan da ransa, ga shi ana karɓar gaisuwarsa a inuwarsu. Ni dai a tabarma na zauna.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Su Gbagyi ne. Mahaifiyata ta auri Bahaushe, jikan fataken da suka biyo layin dogo suka zauna a Minna, shi ya sa na tashi da Hausar gidan ubana, har na zama malamar Hausa a firamare. Shi kuwa Kawu a cikin kan jirgin ƙasa ya koyi tasa Hausar. Yana saurayi ya bar ƙauye ya shiga reluwe, lokacin jirgi da kwal yake tafiya, aikinsa shi ne ya yi ta ɗiban kwal da shebur yana watsawa a bakin wuta daga tasha zuwa tasha. A cikin wannan ƙara da zafi ba wanda yake da lokacin gyara wa wani harshe. Don haka har ya koma ga Allah, ƙasa a bakinsa kasa ce, ɗaki daki ne, mace da namiji duk ɗaya. In na shiga gaishe shi sai ya ce, "Malama, ka zo? Ka ci abinci?" In na ce masa ni mace ce, sai ya ce ai ya ga ɗankwali.

Jirgin kwal ya daɗe da tsayawa, amma kwal bai bar Kawu ba. Tun ina yarinya na san gwangwanin madarar nan da ake zuba wa yashi a ajiye a gefen kujerarsa. A ciki yake tofar da majina, kuma majinar ba fara ba ce. Matarsa, da muke kira Inna, ita take zubarwa kullum ta sake yashi, ba ta taɓa barin ɗa ko jika ya taɓa ba. Ba ya sa fararen kaya sai ranar Sallah, wai ya saba ganin fari ba ya daɗewa. In ya wanke hannu zai ci abinci, sai miya ta huce yana nan yana cuɗa tsakanin yatsu. Shi da hayaƙi kuwa ba sa ga maciji da juna. Inna a bayan gida take girki ko ana ruwan sama. In wani ya cinna wa bola wuta a layin, Kawu zai ɗauki bokiti da kansa, yana tafiya yana hutawa, ya je ya kashe, ya tsaya ya yi wa mai bolar wa'azin da bai nema ba. Maganarsa ɗaya ce kullum, yana nuna ƙirjinsa: "Wanda ya shiga nan, ya shiga ke nan."

Ba waliyyi ba ne, kar a ce na ce. Yana da taurin kai da za a iya fasa gyaɗa a kai, kuma in ya yi fushi da kai sai ya yi sati yana gaishe da na kusa da kai kai ya tsallake ka. Amma gidansa bai taɓa rufuwa ba. Yaran ƙauye da suka ci jarrabawar sakandare a Minna, a wurinsa suke sauka. Akwai ɗaya da ya fi daɗewa, maraya ne, Kawu ya riƙe shi tun daga ajin farko har ya gama. Ɗaki ɗaya suke kwana da babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, kwano ɗaya suke ci. Ranar da zazzaɓi ya kayar da yaron nan, Kawu ne ya goya shi a keke zuwa asibiti, ya dawo shi kansa yana neman wanda zai kai shi. Yaron ya yi karatu, ya iya Hausa tas, ya iya Turanci, ya iya baki. Wannan ɗan riƙon Kawu shi ne yau wakilin kamfani a wurin mutanen ƙauye.

Maganar tashar ta fara raba Kawu da ɗansa kafin ta raba shi da kowa. Yaya mai walda ne a unguwar Kpakungu. Kuma zan yi masa adalci, don abin da yake faɗa ba ƙarya ba ne. Jiharmu ce ake tare manyan koguna ana yin wutar da sauran ƙasa take sha, ga dogayen turakun ƙarfe sun ratsa ta kan gonakinmu, amma Kpakungu sai ta yi kwanaki ba ta ga hasken ƙwan lantarki ba. Abin da Yaya ya samu a waldar ƙofa da taga, janareta ne yake shanyewa. Wata Juma'a ina gidan suka kaure.

Yaya ya ce, "Baba, ni fa na gaji. Turawa sun ƙona kwal har suka yi arziki, yanzu da ya zo kanmu sai a ce yana ɓata iska. Iska za mu ci? Kwastoma ya zo ba wuta, ya tafi. Yara suna karatu da fitilar waya."

Kawu ya ce, "Turawa ya kona, ya gani, yana rufe nasa. Kai ba ka tambaya don me ya kawo maka ba?"

"Na zamani ne, Baba. An ce akwai injin da yake tace hayaƙin."

"In inji ya lalace wa zai gyara? Famfo na layin nan wa ya gyara?"

Yaya ya tashi ya fita bai ci abinci ba. Kawu ya yi wata guda yana gaishe da matar Yaya yana tsallake shi.

Abin da ya sa ƙin Kawu yake da nauyi shi ne al'adar ƙauyenmu. Gonar gado ba ta fita daga hannun dangi sai babban gida ya tsaya a gaban mai gari da dattawa ya faɗa da bakinsa cewa ya bayar. Kawu ne babban gidanmu. Gonarmu kuma ita ce ta bi gefen rafi, daidai inda kamfani yake so ya ja ruwa ya kuma haƙa ramin zuba toka. Rafin nan shi ƙauye yake sha, a ƙasansa mata suke wanke 'ya'yan kaɗanya kafin su yi man kaɗe. Maƙwabtan gona sun riga sun amsa. Saura mu.

Sai aka kira taro a filin firamaren ƙauye. Ni na raka Kawu, don a lokacin ba ya iya doguwar tafiya sai da wanda zai dafa. Baƙi sun zo da hular kwano a ka kamar yau za a fara ginin, an jibge akwatunan lemo a gindin mangwaro inda kowa zai gani. Ɗan riƙon Kawu ya riƙe lasifika. Ya yi magana mai daɗi, ban hana shi ba: wuta ba ɗaukewa, aiki ga samari, kwalta har bakin kasuwar Beji. Da ya zo kan kwal sai ya ce ai gawayi ne, irin wanda iyayenmu mata suke gasa masara da shi, sai dai shi daga ƙasa ake tono shi.

Kawu ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ba a ba shi lasifika ba, da muryarsa ya yi.

Ya ce, "Ni na san wannan abu. Na ci shi, na sha shi. Ba gawayi ba ne. Kura ne. Kura zai shiga daki, zai shiga ruwa, zai hau kan doya. Kura zai kashe yara kafin ya kashe manya."

Wallahi na ga mata suna gyaɗa kai. Babu mutum ɗaya a filin nan da bai san ƙura Kawu yake nufi ba, don rabinsu su ma haka suke faɗarta. Shi kuwa ɗan riƙonsa, wanda ya yi shekaru yana jin tarin Kawu ta cikin bango, ya fi kowa sani. Sai ya yi murmushi, ya kai lasifika baki.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Rabon da a ga kura a dajin nan tun muna yara. In ma ta dawo, kamfani zai ɗauki 'yan banga."

Samari suka fashe da dariya, dariyar ta bi layi har ta kai wurin dattawa. Wani a bayana ya ce, "Gwarancin tsoho ya motsa." Ɗan riƙon ya juya wajen baƙin ya gaya musu da Turanci cewa dattijon yana tsoron namun daji ne. Da kunnena na ji. Ɗaya daga cikinsu ya tausaya, ya ce za a kewaye wurin da katanga.

Kawu ya buɗe baki zai sake faɗar kalmar, ya yi ƙoƙari ya matso ta daga maƙogwaro yadda muke yi, sai tari ya sarƙe shi. Na ɗaga murya na ce ƙura yake nufi, ƙurar kwal, kuma kun sani. Wani ɗan gidan mai gari ya ce mata su yi haƙuri, za a zo kansu. Ba a zo kanmu ba. Lemo aka fara rabawa.

Har yau ban manta da dariyar nan ba. Da a ce sun yi masa gardama ne, sun ce ƙarya yake yi, ko sun ce mun ji amma yunwa ta fi ƙarfinmu, da na haƙura. Amma ba su yi ba. Sun ga tsoho ya kawo musu maganar da ba su da amsarta, sai suka laɓe a bayan harshensa. Kuma wanda ya nuna musu maɓoyar, tuwon gidan tsohon ne ya gina masa bakin.

A mota muna dawowa, da muka kusa shiga gari, Kawu ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Malama, koya mini."

Na ce me zan koya maka, Kawu?

"Wannan kalma. Yadda kuke fada."

Na faɗa masa. Ya gwada, ta fito kura. Ya sake, ya danna maƙogwaronsa da yatsa, ta sake fitowa kura. Mutumin da ya tara jikoki, yana zaune a bayan mota yana bitar baƙi ɗaya kamar ɗan ajina. Na ce Kawu don Allah ka bari, ai sun gane.

Ya ce, "Na sani sun gane." Ya juya yana kallon taga.

Kafin wata ya ƙare sunan ya bi shi har Shango. 'Yan acaba in sun wuce sai su ce, "Baba Kura, ina gajiya?" Wasu ma ba su san asalin sunan ba, sun ɗauka kirari ne. Yana amsawa. Amma ya daina fita kashe bola. Kamfani bai sake aiko masa da kowa ba, don sun ga gwangwanin, sun ji numfashin. Jira kawai suka yi.

Da ciwon ya kwantar da shi, likita ya ce huhun ya gama aiki, sai dai a taimaka masa da injin numfashi a gida. Injin kuma sai da wuta. Yaya, wanda uban yake tsallakewa a gaisuwa, ya rufe shagonsa ya ɗauko janaretan waldarsa daga Kpakungu. Don kar hayaƙin ya iso ɗakin, Mama maƙwabciya ta ce a ajiye shi a bayan gidanta, aka ja doguwar waya ta kan katanga. Ita ta sha ƙarar da hayaƙin har ƙarshe, in ka yi mata sannu ta zage ka.

Wata rana da la'asar janaretan ya mutu, Yaya ya yi ta fama da shi, Kawu yana ciki yana kokawa da iska. Da janaretan ya tashi, Yaya ya shigo hannunsa baƙi ƙirin, ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, ka gani ko? Da akwai wuta da ba ka sha wannan wahalar ba."

Kawu ya janye robar daga hancinsa. "Ka nemi wuta. Ni ban hana ka wuta ba. Amma ka tambaye su ina za su zuba toka. Ka tambaye su wa zai sha ruwan." Ya kama hannun Yaya ya daɗe yana duba baƙin da ke tsakanin yatsun, sannan ya ce a kawo masa ruwa da sabulu ya wanke.

Da hantsi Kawu ya cika, ranar wata Talata, Inna tana riƙe da kansa.

Ranar addu'ar uku aka sake cika rumfar. Da malamai suka shafa addu'a, ɗan riƙon Kawu ya miƙe cikin farar shadda. Ya ce shi ba baƙo ba ne a gidan nan, uba ya rasa. Ya ce ya roƙi kamfani, in an yi hanyar da motocin kwal za su riƙa bi, sunan marigayi za a sa mata. Ya ce in an yi bakwai, ɗan'uwansa, wato Yaya, wanda yanzu shi ne babban gida, zai je gaban mai gari a ƙarasa abin alheri. Sannan, don ya sassauta wa mutane zuciya, ya ce ba zai taɓa mantawa da ranar da Baba ya tashi a taro ya ce kura za ta cinye su ba. Allah ya jiƙan Baba Kura. Wasu suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Na yunƙura zan tashi, sai na ji muryar Inna. Tana takaba, ba ta fito ba, daga bayan labulen ƙofa ta yi magana. Inna da ko a biki ba a jin muryarta.

Ta kira ɗan riƙon da sunan da take kiransa yana yaro, ta ce, "Kai, ka ci tuwo na. Ba zan zage ka ba. Amma ka daina dariya. Mai gida na bai yi kuskure ba. Kura ne. Ni na kwana kusa da shi tun ina yarinya, ina ji yana cin shi a ciki. Ya ci kirji, ya ci murya, ya ci nama duka ya bar mini kashi. Ni na zubar da abin da ya rage a gwangwani. In ba kura ba ne, ka fada mini sunan shi."

Ɗaya daga cikin tsofaffin reluwe ya sa hularsa ya rufe fuska.

Yaya bai yi dogon jawabi ba, dama ba ya iyawa. Ya miƙe ya ce wa jama'a don Allah su ɗan tashi. Ya fara ɗora kujerun nan ɗaya kan ɗaya. Mama ta shigo ta kama masa, matan ƙauye suka shimfiɗa tabarmi a rana. Da ya gama ya kwance igiyar rumfar, ya zo gaban wanda suka ci kwano ɗaya.

"Ka mayar musu da kayansu. In an yi bakwai zan zo gaban mai gari, ka zo da lasifikarka. Ni zan ce ban bayar ba. Kai kuma za ka faɗa wa baƙinka abin da Baba ya ce, da kalmar daidai, tunda kai bakinka ya iya."

Yaya ya je, ya tsaya, ya ce bai bayar ba. Ɗan riƙon bai zo ba, wani aka aiko. Ba na ruɗin kaina, na san masu neman gonar nan sun fi mu dogon hannu, wataƙila wata rana su zo ta wata ƙofar da ba ta bi ta gaban mai gari ba. Kpakungu tana nan cikin duhunta, Yaya ya mayar da janaretansa shago yana ta zagin masu wuta kamar da, kuma yana da gaskiya. Amma bana ya je ya yi kunyar doya a gefen rafin, shi da rabonsa da fartanya tun yana sakandare.

Allah ya yafe wa Kawu taurin kansa, ya saka masa da ƙofar da bai taɓa rufewa ba, ya sanyaya masa makwanci, ya ba shi numfashin da duniya ta hana shi. Waɗanda suka yi dariya kuwa, ban kai ga yi musu addu'a ba tukuna.

Ni aikina ke nan kullum, in bi rubutun yara da jan biro ina sa wa baƙaƙe ƙugiyar da suka manta. Amma duk wanda ya tambaye ni abin da ya kashe Kawu, kura nake ce masa, kuma ba na gyarawa.